Faranti Na Bakwai

Farantai goma sha biyu ne jere a kan tebur, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Loyis ta gama zuba musu shuɗin rini, ta ja da baya. Dokta Datong, shugaban ɗakin gwajin, ya sunkuya yana bin su da ido.

Mako uku ta yi tana renon ƙwayoyin halitta a cikinsu, a akwatin ɗumi. A wasu ta sa ƙwayar cutar da ke fito wa shanu da tsiro a wuya da hantsa. Inda cutar ta kama, ƙwayoyin sukan hau kan juna, rini ya nuna su ɗigo-ɗigo. A cikin masu cutar, uku ta ƙara wa wani magani da wani ɗan kasuwa ya kawo a shaida masa ingancinsa. Ƙa'idar aikin ita ce lamba kawai ake rubutawa a faranti. Abin da aka zuba a ciki yana cikin ambulan a liƙe, don kada ido ya ga abin da zuciya take so.

Dokta ya ɗaga na bakwai ya haska shi a taga.

"Kin gani? Fes! Magani ya yi aiki. Rubuta."

"Oga, ba mu buɗe ambulan ba."

"To buɗe mana, Madam Ƙa'ida."

Ta yage bakin ambulan. Na bakwai ba a sa masa cuta ba, ba a sa masa magani ba. Waɗanda suka sha maganin su ne na biyu da na biyar da na tara, kuma ɗigo ya rufe su kamar bayan zabuwa.

Dokta ya karɓi takardar, ya ninke ta gida huɗu, ya sa a aljihu.

"Janaretan da ke ɗumama miki akwatin nan, wa ya kawo shi? Mai maganin nan ne. Ranar Litinin ina son rahoto da sa hannunki."

"Shanun mutane ne za su sha wahala, oga."

"Kin taɓa jin saniya ta kai ƙara kotu?"

* * *

Litinin ta zo, Loyis ba ta sa hannu ba. Ranar Laraba aka karɓe makullin akwatin ɗumi daga hannunta, aka mayar da ita ɗakin wanke kwalabe. Rahoton ya fita da sa hannun Dokta, da hoton faranti na bakwai a shafin farko. Kullum da yamma takan hau keke Napep zuwa gida a unguwar Daɗin Kowa, hannunta yana warin sabulu. Ba ta gaya wa kowa a gida ba.

* * *

Bayan wata biyu ta je gaishe da mahaifinta a ƙauye. Ta tarar da Baba Pam a garke, tsugune gaban jar saniyarsa. Tsiro ya cika mata nono, ya tsattsage yana jini. Ɗan maraƙinta ya kai baki, ta harbe shi. Haƙarƙarinsa duk sun fito.

"Kada ki damu, Likita, na samu magani," in ji Baba. Ya zaro kwalba daga aljihu. "Mai sayarwa ya ce a wurin aikinku aka gwada. Na ce masa, ai 'yata tana can, ba ni biyu."

"Baba, ba ya aiki. Ni na gwada shi."

Ya dube ta, ya dubi kwalbar, ya nuna mata hatimin wurin aikinta da yatsa.

"To wannan fa? Ke kin fi oganki sani ne? Riƙe mini ƙahonta."

Loyis ta riƙe ƙahon. A jikin kwalbar, ƙarƙashin babban yatsan mahaifinta, ga ɗan hoton farantinta, fes, ba ɗigo ko ɗaya.