Dutsen Nemesio Ya Hau Taswira

Nemesio bai zo taron nan don ya yi magana ba. Ya zo ne ya zauna a bencin baya na makarantar Punta Icaco, ya ga yadda za a ƙare. Amma tun daga ƙofa ransa ya ɓaci. Ga Wilfrido can gaba da sabuwar riga fara ƙal, yana tsaye kusa da taswirar teku sai ka ce shi ya haƙa tekun.

Wilfrido fa! Tare suka koyi jefa ƙugiya, shi ya riƙe wa Nemesio 'ya ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompa, kuma har gobe in ruwa ya motsa sai ya yi amai. Yau wai shi ne masanin tekunsu.

Yolima, matar da gwamnati ta turo, ta yi bayani. Baƙi masu yawon shaƙatawa suna ƙaruwa, gara a tsara tun kafin su cinye gaɓar. Jirage huɗu kawai za su riƙa fita da su a rana. Duk inda kifi ke hayayyafa za a zagaye shi da jan alƙalami, ba mai sake kamu a ciki, sai dai a kai baƙi su yi iyo su kalla.

Nemesio ya ji wannan sarai, kuma yana da abin ɓoyewa. Akwai wani dutse a ƙarƙashin ruwa, matattarar kifi, da mahaifinsa ya nuna masa shi kaɗai. Shekara talatin daga nan gidansa ke ci. A garin nan ko ɗan'uwanka ba ka faɗa wa irin wannan wuri. In za ka je, sai ka yi ta zagaye har mai binka ya gaji ya koma.

Wilfrido ya nuna wurare biyu. Yolima ta ce, har da laƙabin girmamawa, "Don Wilfrido, ban taɓa haɗuwa da wanda ya san teku kamarka ba." Aka hau tafi. Har Griselda, matar Nemesio, ta tafa. Nan hassada ta turnuƙe Nemesio.

Ya ce da ƙarfi, "Wannan ne sani? Wuraren da ko ƙaguwa ta daina kwana?"

Wilfrido ya yi murmushi. "To kompa, kowa da iya saninsa. In kana da wanda ya fi, ga taswira. In babu, zauna ka huta, tsufa ne."

Aka kwashe da dariya. Griselda ta riƙe masa riga tana cewa, "Zauna, don Allah, zauna!" Ina! Ya fizge, ya ratsa mutane har gaba, ya dubi Yolima.

"Ki yi ta tuƙi har hasumiyar coci ta daidaita da karkatacciyar kwakwar nan, tudun gabas kuma ya ɓuya bayan tsibiri." Ya danna yatsa a kan takarda. "Nan. Jan kifi kamar cinyata, ɗaruruwa. Shi wannan ya taɓa ganinsu?"

Tsofaffin masunta suka sunkuyar da kai don kunya.

Yolima kuwa murna kamar ta yi tsalle. Kafin ya ɗage yatsa ta zagaye wurin da ja. Ta ce daga watan gobe an rufe shi, kuma nan ne zangon farko na baƙi. Jirage masu inji da rigunan ceto ne za su kai su, irin na Don Wilfrido. Nemesio kwale-kwale gare shi, na filafili.

Yana tsaye yana kallon jan zoben, sai Wilfrido ya dafa kafaɗarsa, ya rage murya.

"Kompa, shekara talatin ina bin bayanka in gano wurin nan, kana ɓatar da ni. Da ka yi shiru, wallahi da na mutu ban san shi ba."