Ranar da Zabdiyel Ya So Ya Zama Maƙaryaci

A garin Bet-Arim, can kan duwatsun Yahuda, akwai wa da ƙane, kowannensu yana cewa Ubangiji na magana da shi. Babban, Zabdiyel, ya ce rundunar arewa na tafe za ta ƙone garin, kowa ya kwashi iyalinsa ya gudu. Ƙaramin, Maluk, ya ce sam, zaman lafiya ne, a tsaya a matse inabi. Mutane kuwa ka san halinsu, wanda ya faɗa musu abin da kunnensu ke so, gidansa suke kai ɓaure da man zaitun.

Dokar garin ba ta wasa. Annabin da maganarsa ta faɗi ƙasa banza, jifa ce makomarsa, kuma ɗan uwansa na jini ne zai fara jefa dutse. Wannan ne ya hana Zabdiyel cin abinci, har ya rame ya zama abin tausayi.

Ya sami Maluk a wurin matsar inabi, ya ja shi gefe.

"Maluk, tsakaninka da Allah, wa ya aiko ka?"

"Haba Yaya! Kai kaɗai aka yi wa kunne? Dubi fuskarka kamar ka sha maɗaci. Kai tun muna yara ba ka iya albishir ba."

"Ni na goya ka a bayan nan. Na san muryarka in kana ƙarya."

Maluk ya sunkuyar da kai. "Tsoro ne ya kama su, Yaya. Sau ɗaya na faɗa don hankalinsu ya kwanta, washegari suka dawo neman ƙari. Yanzu in na janye, kashe ni za su yi."

Zabdiyel ya hau dutse shi kaɗai, ya kifa goshi a ƙasa. "Ya Ubangiji, ka mai da ni maƙaryaci. Ka juya rundunar nan, a jefe ni, garin ya tsira, yaron nan ya tsira." Bai ji amsa ba, kuma ya san ma'anar shirun.

Ana cikin matsar inabi wata safiya sai hayaƙi ya turnuƙe daga garin da ke maƙwabtaka da su. Rundunar arewa ta iso can. Waƙar masu matsa ta tsaya cak. Waɗanda jiya suke sumbatar hannun Maluk su ne suka ja shi ƙiii zuwa ƙofar gari. Wani dattijo ya damƙa wa Zabdiyel dutse.

"Gaskiyarka ta fito, annabin Allah. Fara."

Ba a taɓa kiransa haka ba, kuma bai taɓa jin magana mai ɗaci irin wannan ba. Ya keta rigarsa kamar mai makoki, ya je ya rungume ƙanensa, ya juya wa taron baya.

"Mai jifa ya fara da ni! Ko kuwa ku je ku ɗauki 'ya'yanku, hanyar kudu a buɗe take har yanzu!"

Duwatsu suka fara zuba ƙasa daga hannayen mutane, suka watse da gudu suna kiran yaransu. Aka bar su su biyu.

Maluk ya ce, "Yaya, da gaske Ubangiji yana magana da kai?"

"Da gaske."

"Yaya muryarsa take?"

Zabdiyel ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ci ƙarfinsa. Dutsen yana hannunsa har lokacin, ya manta bai yar ba.