Akuyar Ba Ta Yi Kuka Ba

Zukiswa na riƙe da kan akuyar lokacin da Dakta Petersen, likitan dabbobin jami'a, ya soka mata allura. Akuyar ta lumshe ido, ta mutu shiru.

"Saki mana, Hajiyar roba," in ji shi. "Sai ka ce kakarki ce."

Bara suka dasa wa akuyar 'yar ƙofar zuciya da Zukiswa ta ƙera da wata roba mai narkewa a jiki. Idan robar ta yi saurin narkewa, ƙofar ta yage. Idan ta yi nawa, naman jiki ba zai samu wurin tsirowa ba. Duk karatun Zukiswa a tsakanin nan ya ƙare.

Dakta Petersen ya ciro zuciyar akuyar, ya tsaga ta, ya kai ta ƙarƙashin fitila, ya yi fito.

"Ina robar taki? Babu ko ɓurɓushi! Nama ne zalla, dubi yadda yake buɗewa. Yarinya, yau ke za ki sayi kifi da dankali."

"Yaushe za a sa wa mutum?"

"Mutum?" Ya cire safar hannu. "Sai nan da shekara goma, in da rabo."

Ta fita baranda. Iskar Cape Town na kaɗa rigar aikinta. Wayarta ta yi ƙara, Mama ce daga asibiti, inda Lwazi, ƙanen Zukiswa, yake kwance. Ciwon maƙogwaron da ya yi yana yaro ya cinye masa ƙofar zuciya, yanzu ko a kwance sai ya yi haki.

"An yanka akuyar?" in ji Mama.

"An yi, Mama. Abin ya yi kyau."

"Madalla! To ki taho wa Lwazi da ƙofar guda ɗaya. Likitocin nan sai cewa suke mu jira layi."

Zukiswa ta dubi yatsunta. Har yanzu akwai gashin akuyar a kai.

"Ta dai yi kuka ko?" in ji Mama.

A gidansu, idan aka yanka akuya ba ta yi kuka ba, magabata ba su karɓa ba ke nan.

A bayan muryar Mama tana jin numfashin Lwazi, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace.

"Zuki? Kina ji na?"

"Ta yi, Mama," in ji ta. "Har waje aka ji."