Koren Cokali na Arba'in da Ɗaya

"Fumie, duba wannan. Shi ne?"

Maƙwabcina Mochizuki ne a bakin ƙofa, riƙe da cokalin roba da fenti bai gama bushewa a bayansa ba. Na ɗaga shi wajen haske, na taɓe baki.

"Wannan ai koren ganyen shayi ne. Koma."

"Ke dai ba a iya miki," ya ce, tari ya sarƙe masa dariyar.

Yana da shekara saba'in da tara ya kwaso wannan rigima. Ya sayo ɗan taragon roba mai tsawon tafin hannu, irin na jirgin ƙasan da ke ratsa garinmu a da, wanda marigayiya matarsa ta yi aikin yankar tikiti a ciki. Ya haɗo da abin feshi mai kamar alƙalami da injin iska da ya hana ni baccin rana. Mai shagon ya gargaɗe shi cewa sabon hannu ba ya fara feshi a kan tarago, sai ya gwada launi a bayan cokali tukuna. Hotunan jirgin da yake da su duk baƙi da fari ne, idonsa kuma ya yi rauni. Ni da na hau jirgin zuwa makaranta, ni na zama alƙali.

"Likita bai hana ka shaƙar fentin nan ba?"

"Ya hana. Bari dai in gama mata shi, sai in huta."

Wannan "in huta" ta tsaya mini a rai.

Ranar wata Laraba ya kawo cokali na arba'in da ɗaya. Kallo ɗaya na yi masa, sai ga ni 'yar shekara tara, ina miƙa tikiti. Shi ne, ko tantama babu. Amma tun rasuwar mijina ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa sai wannan tsoho, ga shi kullum ƙara ramewa yake. Tsoro ya kama ni: in na ce shi ne, zai gama, ya daina zuwa.

"Da saura," na ce. "Ƙara shuɗi kaɗan."

Ya daɗe yana kallona. "To, ajiye shi a wajenki."

Cokali shida ya ƙara kawowa, kowanne na nesa da gaskiya. Ranar Litinin injin bai tashi ba. Ina shanya na ga an fito da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, silifa ɗaya a ƙafa. Kwana uku ya yi a asibiti, ya rasu.

'Yarsa Kazue ta so a sa taragon cikin akwatin gawa, mai kula da jana'iza ya rusuna ya ce roba ba ta shiga wutar ƙona gawa. Da yamma ta kawo mini shi.

"Baba ya ce ke kaɗai kika san launin."

Na karɓi taragon, cike da kunya da baƙin ciki.

Yana kan tagata yanzu, toka-toka yadda ya fito daga kwali, cokalin a gefensa. Idan rana ta faɗo a kan cokalin, koren yakan ɗan haska jikin taragon.