Jan Tabo a Kan Rumfar Mai Faci

Da ƙwacen waya ya ishi unguwa, Tela ne ya samo dabara. Bai yi boko mai nisa ba, amma akwai shi da tone-tonen waya. Ya gano wani shafi a intanet mai zana taswira kyauta: wanda aka yi wa ƙwace ya shiga ya danna, shafin ya ɗiga ja a daidai inda aka danna. Inda ɗigo ya yi yawa sai ya haɗe ya zama tabo.

Ranar da tabo ya fito jawur, Tela bai tsaya buɗa hoton ya ga kan wa ya sauka ba. Ya tura wa mutanen unguwa, ya koma kan kekensa na ɗinki yana jiran yabo. Sai ga matarsa ta faɗo shago ba mayafi.

"Kai da taswirarka kun kashe min Yaya. Rumfarsa ce a cikin jan."

Yayanta shi ne Mai Faci na bakin kwana. Tela ya zura da gudu, tef ɗin awo a wuya.

Ya tarar an kife bahon ruwan gwada tayu, an ja Mai Faci tsakiyar titi. Mahauci ne a gaba, wanda aka yanki 'yarsa a hannu wajen ƙwace, yana riƙe da ƙarfen cire taya.

"Ga mai taswira nan," in ji Mahauci. "Zo ka ga aikinka ya yi kyau. Ashe faci da rana ne kawai, da dare sai ƙwace."

Aka sauke wa Mai Faci bulo a kafaɗa. Ya durƙusa, jini na bin haƙoransa, ya ɗago ya dubi Tela.

"Mijin ƙanwata, wanda aka ƙwace wa waya da me zai danna abin naka? Nan suke rugowa, ni nake ara musu tawa."

Sai a lokacin Tela ya gane. Shafin bai san inda aka yi ƙwace ba, inda wayar da aka danna take kawai ya sani.

"Ku dakata, kuskurena ne. Wayarsa ce ke..."

"Surukinka ne, dole ka ce haka," wani ya faɗa daga baya. "Da safe na'ura ba ta ƙarya, yanzu kuma ta koya?"

Mahauci ya take wuyan hannun Mai Faci a kan kwalta, ya ɗaga ƙarfen. Tela ya faɗa kan Mai Faci ya rufe shi da jikinsa. Dukan farko ya same shi a haƙarƙari, ya ji abu ya ɓalle a ciki. Na biyu ya wuce ta gefen kunnensa ya sauka a kan yatsun da ke ƙasa. Mai Faci bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi kamar rago a hannun mai yanka.

'Yar Mahauci ce ta ratsa taron, hannunta a naɗe.

"Baba, da wayarsa na danna. Shi ya ɗaure min ciwon da rigarsa."

Taron ya fara zarewa ta baya, kowa ya tuna yana da abin yi. Mahauci ya saki ƙarfen, ya tsaya yana kallon Mai Faci.

A asibiti likita ya ce Mai Faci zai rayu, amma hannun dama sai dai a yanke daga wuyan hannu. Tela na kwance a gadon kusa, numfashi na yi masa wuya. Mai Faci ya juyo da kai a hankali.

"Kekenka da ƙafa ake taka shi, ko? Sai ka fara koya min."