Ajiya a Gindin Dogonyaro

Ranar Litinin ce, gari ya waye da gumi, hadari ya tsaya baƙi ƙirin ta gabas ya ƙi zubowa. Da safiyar nan Malam Bawa na Tsamaye ya kira ɗansa Fatihu, ya ce ya shirya ya tafi Sakkwato ya amso iri wurin baffansa Jibrilla.

Gero ne gajere mai saurin nuna, wanda gidansu ke zaɓen zangarniyarsa tun zamanin kakanni. Bara da 'yan bindiga suka sa wa rumbunan unguwar wuta, nasu ya ƙone har da irin. Abin da ya tsira shi ne ɗan kaɗan ɗin da Jibrilla ya ƙulle cikin kayansa ranar da ya kwashe iyalinsa ya koma birni. Malam Bawa ciwon ƙafa ya zaunar da shi, manyan 'ya'yansa suna ci-rani a Nijar. Dole aka aiki Fatihu, wanda ya bar makaranta tun yana aji biyu, ya taɓa kabu-kabu ya bari, ya taɓa ɗinki ya bari.

"Ka amso ka juyo," in ji uban. "Ba kallon gari na aike ka ba. Ruwan farko in ya sauka ba ya jiran kowa."

Babur ya kai shi Sabon Birni, mota ta kai shi Isa, wata ta sauke shi Sakkwato da la'asar. Ya kwana a ɗakin hayar baffansa. Da safe Jibrilla ya juye irin duka cikin ƙaramin buhu, bai rage ko ƙwaya ba, ya ce shi da ba ya da ko taki ɗaya na gona a birni me zai yi da shi. Ya ɗaure bakin buhun da kansa, ya raka Fatihu har titi.

A tasha direban motar Isa ya ce ba za a tashi ba sai bayan azahar, in labari ya zo cewa hanya lafiya. Fatihu ya zauna kan buhunsa, ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Ga birni nan kewaye da shi, shi kuwa bai ga komai ba sai bangon tasha.

A Sabon Birni akwai wani tsoho da ke zama gindin itace a bakin tasha tun kafin a haifi Fatihu. Duk mai shiga kasuwa wurinsa yake aje kaya, ba a tambayar suna, ba a ba da shaida, ka dawo ka iske abinka. Da Fatihu ya waiga a nan tashar Sakkwato ya hangi wani dattijo mai farin gemu a gindin dogonyaro, zaune kan tabarma da carbi, buhuna da ƙunshe-ƙunshe kewaye da shi, sai ya ce a ransa ga na nan garin. Ya je ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ga ajiya. Za ni zagaya in dawo."

Dattijon ya ɗaga kai, ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da jan carbinsa.

Abin da Fatihu ya fara gani gada ce sama da titi, ba gulbi a ƙarƙashinta, ba ko kwata. Ya tsaya yana dariya shi kaɗai. Gaba kaɗan ya iske wani mutum zaune da sikeli a ƙasa, mutane na hawa ana faɗa musu nauyinsu kamar buhunan wake, suna biya suna godiya. Ya ga shago cike da gumakan roba marasa kai, an sa musu shaddar da ko hakimi bai taɓa sa irinta ba. Ya ga wani shagon da ake sayar da abincin kyanwa cikin gwangwani, da hoton kyanwar a jiki, ta fi akuyar innarsa ƙiba. A wani lungu wani tsoho na gyaran agogo, agogunan bango rataye a bayansa kowanne da nasa lokacin. Duk abin da ya gani sai ya shirya yadda zai ba da labarinsa a dandali, da wanda zai ƙaryata shi.

Ƙarar guduma ce ta ja shi wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Nan dariyar ta yanke. Bayan tarin tsofaffin ƙarafunan mota akwai tsibin hauyoyi da galmuna, an cire musu ƙota, ana aza su kan sikeli. Ya ɗauki ɗaya ya juya. Ƙirar maƙeran gida ce, bakin ya cinye ta gefe ɗaya yadda ƙasar tudunsu ke cinye ƙarfe. Mai wurin ya ce 'yan gudun hijira ke kawo su, daga Isa, daga Sabon Birni, daga ƙauyukan iyaka, su sayar su sayi gari. Ya tambayi Fatihu ko shi ma ya kawo nasa ne. Fatihu ya aje galmar, ya daɗe tsaye yana duba tsibin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wadda ya sani, yana roƙon kada ya gane ta. Bai farga ba sai da ya ji kiran salla.

Ya dawo tasha da gudu. Dogonyaro na nan, inuwa na nan, ba tabarma, ba dattijo, ba buhu ko ɗaya. Ya zagaya itacen har sau biyu. Wata mai fura da ke kusa ta ce ai wannan bawan Allah matafiyi ne, motar Illela yake jira, kuma yaran mota sun kwashe duk abin da ke gefensa sun ɗaure a sama tun hantsi.

"Mi sunanshi?" ta tambaye shi. "Ɗan wane gari ne?"

Fatihu bai sani ba.

"Kai ɗan nan, ka ba mutum ajiya ba ka san sunanshi ba? Nan tasha ce, kowa tashi yake."

Ya bi 'yan kamasho, suka ce motocin Illela da yawa sun tashi, wasu fasinjojin ma Ƙonni ta Nijar za su ƙetare. Wani ya ce in gero ne, kafin gobe ya zama fura. Yana tsaye a wurin iska ta taso da ƙamshin ƙasa, yayyafi ya fara buga rufin kwano. Direban Isa ya leƙo ya ce hanya ta buɗe, kuma an yi ruwa mai yawa a gabas, har Tsamaye.

Fatihu ya ari waya ya kira ubansa. Malam Bawa ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce ya shigo mota ya taho, za a auno na kasuwa a shuka, ko wane iri ne.

Abin da ya salwanta a wannan tafiya: buhu ɗaya na irin gero wanda babu sauransa a ko'ina, da igiyar da Jibrilla ya ɗaure shi da ita, da shukar ruwan farko a gonaki biyu. Daga ranar kuma Malam Bawa bai sake aiken Fatihu ko bakin rijiya ba.