Kwanson da Baba Bai Saurara Ba

Kwana tara a jere yanyawa tana ɗaukar mana 'ya'yan tumaki a watan Agustan nan, tsakiyar hunturunmu, ni kuwa cikin kwana taran ban sha shayi da zafinsa ko sau ɗaya ba. In zuba, in leƙa taga, in fita, in dawo in tarar ya huce. Ba fararen tumakin ne suka hana ni sakat ba. Muna da su fiye da dubu a gonarmu ta bayan garin Walcha, kuma kowace shekara sai yanyawa ta ci rabonta. Mabel ce damuwata.

Mabel ita ce ta ƙarshe cikin baƙaƙen tumakin mahaifiyata. Shekara talatin Mama ta yi tana kiwon su, tana kaɗa ulunsu, tana saƙa mana rigunan sanyi masu ƙaiƙayin tsiya. Bayan rasuwarta fari ya ci wasu, tsufa ya ci wasu, sai Mabel kaɗai. Ita ma haƙoranta sun zube, kowa ya san wannan ne cikinta na ƙarshe, da ragon aro ma aka same shi. In ta haifi mace kuma ta rayu, tumakin Mama sun ɗore. In yanyawa ta riga mu, an rufe babinsu. Ga shi ba ta kulluwa. Bara da muka sa ta a garke, da kai ta dinga dukan ƙarfe har ta yi ɓari. Dole a bar ta ta haihu a fili inda ta ga dama, wato dole yanyawar nan ta mutu kafin ranar.

Bindiga ɗaya gare mu, tsohuwar bindigar soja da wani maƙeri ya sauya wa bututu tun kafin a haife ni. Harsashinta ba a shago yake ba. Kantin Walcha da na Armidale duk na buga musu waya, ɗaya ma dariya ya yi min. Mahaifina, Aubrey Pascoe, shi ke ɗura abinsa a ɗakin kwanon da ke bayan gida, shekara arba'in. To, shekara biyu ke nan hannunsa na karkarwa, ko cokali sai ya yi da gaske yake kai shi baki. Harsashin ƙarshe da ya bari na ƙarar da shi a kan wata tunkiya da ta karye.

"Sai ki koya," in ji shi. "Ba wuya, Noelene. Zama kawai yake so, shi ne kuma Allah bai ba ki ba."

"Baba, ni fa shekarata arba'in da huɗu."

"Ai ina ƙirgawa. Har yau ban ga kujerar da kika ɗumama ba."

Muka shiga ɗakin kwanon bayan abincin rana. Sanyi kamar ya tsinke yatsu, ga warin mai da tsohuwar taba. Ya zauna a kujerarsa da bargo a gwiwa yana ba da umarni, ni ina aiki. Na goge kwanson harsashi guda ashirin, na shafa musu mai, na bi su ɗaya bayan ɗaya a injin matsi na hannu har suka koma daidai. Na sa wa kowanne sabuwar 'yar hular da ke kunna wuta a gindinsa. Na jera su a tsaye cikin wani katako mai ramuka. Wannan duk bai dame ni ba, aiki ne da hannu ke motsi.

Albarushin ne ya kusa haukata ni. Awon yana rubuce a littafin Baba, amma sikelin ɗan ƙarami ne, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya yi ta lilo. Sai ka zuba, ka jira ya tsaya, ka ƙara ƙwaya biyu, ka sake jira. Ƙafata har bugun ƙasa take yi.

"Daina kaɗa min tebur," Baba ya ce. "Saurara, doka uku ce. In albarushi na kan tebur, ba hira. In kin tashi, ko gobara ce ta tashe ki, ki juye su duka ki faro daga farko. In kin gama, ki haska tocila ki leƙa cikin kowane kwanso kafin ki ɗora masa dalma."

"Shi ke nan?"

"Sannan ni in saurare su."

Wannan sauraron nasa tun muna yara muke masa dariya a kai. Harbi ya daɗe da cinye masa kunne, sai ka ɗaga murya yake jin ka. Amma duk harsashin da aka gama, sai ya manna shi a ƙashin bayan kunnensa ya girgiza, wai ta ƙashi yake jin motsin albarushin a ciki. Yanzu ma ya ce ya huta da girgizawa, hannun da kansa yake yi masa.

"Ka ga ribar ciwo," na ce.

"Ke dai auna, uwar gaggawa."

Na kai wajen rabi, na ɗaga kai na ga barci ya ɗauke shi, baki a buɗe. Sai wayar gida ta hau ƙara. Na san Desmond ne, yayana, don tun safe nake jiran ya gaya min ko ya samo wani maharbi. Na dubi katakon, na dubi Baba, na fita da gudu. Ashe ba abin da ya samo. Farashin fata ya faɗi, ba mai ɓata mansa a kan yanyawa ɗaya. Minti goma ya yi yana ba ni labarin motarsa.

Da na dawo na tsaya a kan katakon nan ina tunani. A na tara na tsaya, ko a na goma? Mazurarin zuba albarushin na ajiye shi a gefe, bai nuna min komai ba. Zuciyata ta ce na goma an zuba masa, na ci gaba daga na sha ɗaya. In juye aikin awa guda saboda waya? Tocilar kuma da na kunna, batirinta ya yi sanyi, hasken ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Na wulga ta a kan layin sama-sama, na ce ai duk ga su nan. Na ɗora dalma ashirin, na share tebur.

Baba ya farka ya ga an gama. Ya yi murna, har ya ba ni kunya.

"Kin haska?"

"Na haska."

"To bar su nan. Yau hannun ya gaji, har wuyana yake ja. Da safe in na sha shayi sai in saurare su."

Da safe kuwa ban bari an kai ga shayi ba. Gari na fara wayewa na leƙa ta tagar kicin, na hango Mabel ta ware daga garke tana gangarawa kwarin da ke ƙarƙashin duwatsu, tana tafiya tana tsayawa tana tonon ƙasa da ƙafa. Duk mai tumaki ya san wannan. Cikin duwatsun nan kuma yanyawar take. Na zura takalma ba safa, na faɗa ɗakin kwano, na kwashi harsashi biyar daga tsakiyar katakon na cusa a aljihu. Ina fitowa da bindiga na tarar da Baba a jikin a-kori-kura, ya ɗora kwat a kan rigar barci.

"Da ni za a je."

"Baba, sanyi."

"Buɗe min ƙofa." Da ya zauna ya dubi aljihuna. "Waɗannan na saurare su?"

Har gobe in na tuna amsar da na ba shi sai na ji kamar in nutse. Ban ko yi tunani ba, bakina ne kawai ya buɗe.

"Ka saurare su mana, jiya da yamma. Har ka manta?"

Na ga yana lalube a cikin kansa, idonsa na yawo. Mantuwa ita ce abin da ya fi tsoro a duniya, ya ga yadda ta yi da wansa. Can ya ce, a hankali, "Haka ne fa. To mu je."

Na tsayar da motar a kan tudu inda zai iya hango ni, na gangara da ƙafa ta bayan iska. Ciyawa ta daskare, tana ƙaras-ƙaras. Na zauna jikin wani kututture, na ɗora bindigar a gwiwa, na ciro usur ɗin da Baba ya lanƙwasa daga murfin gwangwanin taba. In ka iya busa shi, kukan zomon da tarko ya kama yake yi. Sau ɗaya ake yaudarar yanyawa da shi. Wadda ta zo aka kuskure ta, ko shekara za ka yi kana busa ba za ta ƙara waiwayowa ba. Na kuwa san da haka.

Na busa, na jira. Na sake busawa. Ƙafata ta fara rawa, na danne ta da gwiwar hannu. A busa ta uku sai ga ta ta fito daga duwatsu, ja jawur, babba, kunnenta ɗaya a yage. Ta taho da sassarfa, ta tsaya kamar taku sittin, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana kallo. Na ɗora saiti a ƙirjinta. Na ja kunama.

Ƙas. Ɗan sauti kamar an karya ashana. Bindigar ba ta ko taɓa kafaɗata ba.

Yanyawar ba ta gudu ba, kai kawai ta karkata. Na ce Allah ya ba ni dama ta biyu. Na ja sakata, kwanso ya faɗo, na tura sabon harsashi, ya shiga lafiya lau. Na mayar da ido kan saiti, yatsana ya sami kunama.

Sai hon ɗin mota ya cika kwarin. Ba tsayawa, kamar an kwanta a kansa. Kafin in ƙifta ido, wutsiya kawai na gani tana shigewa duwatsu.

Ban san lokacin da na hau tudun nan ba. Ina tafe ina zage-zage, hawaye na daskarewa a kumatuna. Na fizge ƙofar motar. Da goshinsa Baba ya danna hon ɗin, don hannun ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Ka haukace ne? Tana tsaye! Tana tsaye, Baba, ka kore ta!"

"Cire harsashin."

"Ka san ba za ta ƙara zuwa ba!"

"Noelene, cire harsashin, ki zare sakatar, ki leƙa bututun ta wajen rana."

Na yi, don in nuna masa ya yi shirme. Na ɗaga bindigar na leƙa. Baƙi ƙirin, ba ɗigon haske. Ya sa na zaro tsinken ƙarfen goge bindiga daga bayan kujera na zura ta baki. Ya tafi, ya tafi, ya tsaya cak, saura kamar taƙi ɗaya ya fita. Kwanson ba albarushi. 'Yar hular ce kaɗai ta tashi, ta tura dalmar cikin bututu ta bar ta a nan. Da na saki na biyu a bayanta, da ƙarfen ya tarwatse daidai inda kumatuna yake. Na zauna a kan ciyawar da ta daskare.

"Ƙarar bindigar nan kaɗai ta rage min da nake ji sosai," in ji shi. "Na ga kin ja sakata, ban kuwa ji ƙarar ba."

Ranar Mabel ba ta haihu ba. Na yini a kwarin, na busa usur har leɓena ya tsage, ko inuwar yanyawa ban gani ba. Washegari da sassafe na tarar da Mabel a tsaye a bakin duwatsu tana kuka, tana lasar abin da yanyawa ta bar mata na 'yar da ta haifa. Mace ce, baƙa wuluk, ko ɗigon fari babu. Na naɗe ta a kwat ɗina na binne ta kusa da shingen lambun Mama. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar jana'izar Mama.

Da na dawo ban ga Baba a kicin ba. Yana ɗakin kwano, ya jawo wani kwali yana ƙoƙarin sa sikelin a ciki, hannu na ta fama. Dalmar da muka fitar daga bututun tana kan tebur.

"Me kake yi?"

"Zan kai wa Desmond ya sayar." Bai dube ni ba. "Shekara arba'in ban taɓa barin fanko ya wuce ni ba. Na saurare shi na ce da albarushi, sannan ko tuna na saurara ban yi ba. Saura ƙiris in kashe ki da kunnen banza. Na gama, 'yar nan. Tunkiyar uwarki ma ni na jawo mata."

Da zan iya yin shiru. Ba wanda zai taɓa sani. Na tsaya a bakin ƙofa ƙafata na rawa, ina jin kamar in juya in tafi duba shinge, ko ruwa, ko ma mene ne. Sai na jawo ɗaya kujerar na zauna.

"Baba, ba ka saurare su ba. Ko ɗaya. Ƙarya na yi maka. Na tashi amsa waya ban juye ba, tocilar ma ban haska da kyau ba."

Ya daɗe yana kallo na. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi. Sai na ga idonsa ya ciko, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Wato ban manta ba?"

"Ba ka manta ba."

Ya gyaɗa kai. Ya fiddo sikelin daga kwali ya mayar da shi mazauninsa, sai da ya gyara masa zama sau biyu. Sannan ya miƙo min tafin hannunsa mai karkarwa.

"Saura sha tara. Miƙo min, ɗaya-ɗaya."

Na miƙa masa na farko. Ya manna shi a bayan kunne, ya rufe ido. Ya kai minti guda a kan wannan kaɗai, ni kuma na zauna na jira.